Filaskon da Kawu Ya Aiko

Kawu,

Ranar Laraba ina tsugune ina wanke ƙaramar tukunyar nan mai hannu ɗaya, sai na ga wani koren abu ya bushe a gindinta. Na sa farce na kankare, na kai hanci. A nan na gane abin da ya kashe mijina. Ranar da likita ya tambaye ni, "Me ya sha a gida?" cewa na yi babu komai sai ruwa, don ni ban ɗauki filasko a bakin komai ba. Ina nan tsugune har ruwan wanke-wanken ya huce a hannuna ban sani ba.

Ka yi haƙuri na fara babu gaisuwa. Ina gaishe ka da kyau. Yaya ƙafa, yaya kunne? Ka gaishe mini da Inna, Allah ya ba ta haƙurin rashin ɗanta. Mu nan da sauƙi, ni da yarinya, sai dai ita ba ta son cin abinci. Da kunnenka yana ɗaukar waya da na kira ka. Amma gara ma takardar, don in na ji muryarka ba zan iya faɗa ba.

Ga yadda aka yi, tunda ba ku samu zuwa ba. Ya kwana biyar cikinsa a ɗaure. Ana nan sai direban motar katako, wanda yake kawo masa kaya shago, ya zo da ƙullin filaskon da ka aiko. Kullum maigidan ne yake haɗa abinsa, amma a makon nan yana da ƙofofi shida da ake jira, sai na ce bari in hutar da shi. Na haɗa masa. Ya sha da safe, ya sha washegari. Tun daga nan cikinsa bai tsaya ba. A rana ta uku ya ce sai ya je shago, a can ya faɗi tsakanin benci da tarin katako, zarto na hannunsa. Aka kai shi asibiti, bai kai la'asar ɗin washegari ba.

Kawu, kai ɗan ƙanen kakarsa ne, amma ban taɓa jin ya kira ka da komai ba sai Kawu, nima haka na bi. Shekara goma sha biyu kana aiko mana da filasko. Kullum ganye ne ɗaiɗai, kore, ana ganin kowanne da ido. Wannan karon gari ya zo, dakakke, mai duhu. Me ya sa ka daka? Abin da aka daka, wa zai iya tantance abin da ke ciki?

Kuma ban manta ba, bara da ya je gida kun yi ka-ce-na-ce a kan filinsa na bayan rijiya, inda kake tsinkar ganyenka. Ya dawo ransa a ɓace.

Ban ce kai ne ba. Tambaya nake yi, kuma ina da hakkin a ba ni amsa.

'Yarka,
matar kafinta

*

'Yata,

Na gaishe ki, na gaida jikata. Allah ya ji ƙansa, ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Ƙafa tana nan yadda kika san ta, kunne kuwa ya ƙara nisa. Inna lafiyar jikinta ƙalau, saura ban sani ba, don ta daina yi mini magana.

Kin san idona ba ya ganin ƙananan rubutu. 'Yata Malama ce ta karanta mini takardarki a ƙofar gida, kuma dole ta ɗaga murya saboda kunnena. Inna tana zaune a tabarmarta, taku biyar tsakaninmu. Kafin Malama ta gane inda maganar ta nufa, ta riga ta karanta rabi. Inna ta miƙe ba sanda. Washegari ta sa aka toshe 'yar ƙofar da ke tsakanin gidana da nata, wadda ake miƙa mata abinci ta nan shekara ashirin. Matan da suke zuwa karɓar ganye don gyaran gashi yanzu ta bayan gida suke bi. Mai shagon magani ya dawo mini da buhu biyu, wai sai ƙura ta lafa.

Shekara arba'in ina wannan aiki. Na san filasko kamar yadda kika san ɗakinki. Ba ya wuce gwiwa, amma saiwarsa tana zuwa inda rijiya ba ta kai ba, shi ya sa ciyawa za ta ƙone ƙurmus shi yana kore. Ina tsinka kafin furensa mai ruwan ƙwai ya buɗe, in shanya a inuwa, in tsince 'ya'yan nan lanƙwasassu ɗaya bayan ɗaya. Da shi aka wanke cikin rabin mutanen nan, da shi ake shafa wa ƙuna, har dabbobi ina ba su in tsutsa ta dame su. Ban taɓa sa wani abu a ciki ba, ko ƙasa.

Dakawa kuwa, direba ne ya ce motarsa ta cika, ba wurin buhu. Na zuba a turmi na mai da buhu ya zama ƙulli. Na bayyana wannan duka a takardar da na ba shi a hannu. Ina takardar? Ba ki ambace ta ba ko sau ɗaya.

Maganar fili gaskiya ne. Ya ce zai share ya yi gini, na ce ya bar mini gefen da ganyen ya fi kyau. Muka ɗaga wa juna murya. In don wannan ake kisa, da babu wanda ya saura a danginmu.

Tunda kin yi tambaya, nima ina da tawa. Kafin ya rasu ya rubuto mini, shi ya roƙi ganyen. A ƙarshen takardarsa ya ce, "Kada ka gaya mata." Na yi masa alkawari, ba zan faɗi abin da yake nufi ba. Amma na daɗe ina tunani. Mutum yana kwana ɗaki ɗaya da mace shekara goma sha biyu, me zai sa ya ɓoye mata abu ya kawo wa tsoho kurma?

Kawunku

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Takardarka ta yi mako shida a hanya, har na ɗauka shirun ne amsarka. Yarinya ta yi zazzaɓi ta warke. Ni kuma ina nan.

Na yi baƙin ciki da Inna ta ji ta wannan hanya. Wallahi ban yi nufin haka ba, kai kaɗai na rubuta wa. Amma ba zan ce na janye ba, don ban ga abin da zai sa in janye ba tukuna.

Babu wata takarda. Ƙulli aka kawo, ƙulli na karɓa. Na tare direba a bakin shago na tambaye shi, ya ce, "Matar maigida, duk abin da aka ba ni na sauke, ni ba ɓera ba ne da zan ci takarda." Na zazzage ƙullin a faranti, na duba leda, na duba tsumman da ka naɗe da shi. In ka rubuta, me ya hana ka sa ta ciki? Wa yake aika magani ta wata hanya, bayaninsa ta wata?

Maganarka ta "kada ka gaya mata" ta hana ni sakat. Na san abin da kake so ka ce, cewa tsorona yake ji. Ni? Mutumin da nake cire wa garin katako daga gashi kowace yamma? Sai na je shagon, wanda ban buɗe ba tun ranar. Ƙofofin nan shida suna jingine, huɗu da fenti, biyu babu. Na kwashe akwatin kayan aikinsa har ƙasa. A ƙarƙashin gwangwanin ƙusa na tarar da katin asibitin masu ciwon zuciya da sunansa a jiki, da ƙwayoyi iri uku, an sha rabi. Wata takwas yana zuwa. Ranakun da yake ce mini ya tafi duba katako, ashe layi yake bi.

To yanzu na san abin da ya ɓoye. Na kuma san kai ka sani. Ka san zuciyarsa ba lafiya, ka aiko masa da abin da yake zuƙe ruwan jikin mutum. Wannan fa?

Sauran garin yana cikin kwalba, na ɗora a kan kabad inda yarinya ba za ta kai ba. Ba zan ɓoye maka ba, na barbaɗa kaɗan a dusa na ba kazar maƙwabciyata. Ba ta mutu ba. Sai dai ta ɓata mana tsakar gida kwana biyu, maƙwabciya tana ta zagin mai sayar da dusa. Na yi dariya, karo na farko, daga nan kuma na shiga ɗaki na yi kuka.

Matar kafinta

*

'Yata,

Gaisuwa. Inna ta kwanta mako guda da tari. Na aika mata da abin sha, ta sa aka zubar a gabana.

E, na sani. Ƙwayoyin ne suke ɗaure masa ciki, shi ya sa ya nemi ganye. Abin da na ce ya yi da abin da na ce kada ya yi duk suna cikin takardar da kika ce ba ta zo ba. Ba na sa takarda cikin ganye. Takarda tana jan danshi, danshi yana kashe filasko. Haka ubana ya yi, haka nake yi.

Tambaya ɗaya: nawa kika sa, kuma yaya kika haɗa?

Ana wata magana a nan. Wai mijinki ya ce ƙarshen shekara zai rufe shago ku dawo gida, ke kuma kin ce sai dai ya dawo shi kaɗai. Ba ni na fara ta ba, amma ban hana ba.

Kawunku

Ni ce Malama, wannan nawa ne ba na Baba ba. Baba ya daina fita tsinka. Furen ya buɗe ya zube a fili, bana babu ganye. Jiya wata ta ja ɗanta daga kusa da shi a bakin rijiya. Kina can kina gwaji da kajin mutane, mu muna nan muna kallon tsoho yana ƙarewa. In kina da hujja ki kawo. In ba ki da ita, ki san abin da za ki rubuta wa Inna.

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Malama. Ina fatan tarin Inna ya sake ta. Wata biyu ban amsa ba. Watan farko fushi ne. Na ce shekara goma sha biyu ina cikin gidanku, yau ni za a tambaya yadda ake haɗa filasko? Wata na biyu kuwa kunya ce.

Direba ya zo har gida, hularsa a hannu. An kai motarsa gareji, bakanike ya ɗaga kujera, sai ga takardarka a ƙasa ta sha baƙin mai. Bai ko iya kallona ba. Ya ajiye a bakin ƙofa ya ce, "Ki yafe ni," ya tafi.

Ana iya karantawa. Ka ce: "Wannan gari ne, ba ganye ba, ya fi ƙarfi nesa. Abin da yatsu uku suka ɗauka kawai, a jiƙa a ruwan sanyi, a tace. Kada a dafa. Sau ɗaya, kada ka maimaita. Kuma kada ka kai baki sai ka nuna wa likitanka ya yarda."

Yanzu zan amsa tambayarka.

Shekarar da aka kawo ni gidanku, damina ce. Cikina ya ɗaure, ina jin kunyar faɗa. Inna ta gane. Ta kama hannuna ta kai ni bayan rijiya, ta tsinko ganye ɗanye, ta buɗe tafina ta cika shi har yana zuba. Ta ce, "Ma'auninki ke nan, amarya. Tafi ɗaya, ki dafa har ruwa ya canza kala." Rannan ne ta fara kirana 'yata. Ban taɓa mantawa ba, kuma ban taɓa sake haɗawa ba, don da muka zo nan shi ya karɓi aikin. Ina ganinsa yana jiƙa abu a kofi, ban taɓa leƙawa ba.

Tafi ɗaya na sa, Kawu. Na gari. Na dafa har ruwan ya yi baƙi. Da ya kurɓa ya yamutse fuska ya ce, "Kai, uwar ɗaki, yau da ƙarfi kika zo." Na ce, "Ka sha, raggo, uwarka ce ta koya mini." Ya yi dariya ya shanye tas. Ya san ya yi yawa, na tabbata ya sani. Amma karo na farko ke nan da na yi masa, ina tsaye a kansa ina jiran yabo. Washegari na ɗumama sauran na ba shi, don na ɗauka dattin ne yake fita.

Na kai wa likitan takardarka da kwalbar. Ya ce zuciyar ta riga ta gaji, ƙwayoyinsa suna fitar da ruwa, ganyen ma yana fitarwa, shi ba zai iya rantsuwa a kan wanne ya ƙarasa shi ba. Ya ce in daina azabtar da kaina. Mutumin kirki ne, amma ba shi ya riƙe kofin ba.

Maganar komawa gida kuwa, gaskiya ne na ce ba na so, saboda makarantar yarinya. Da ya gaya mini dalilinsa, da a ranar zan ɗaure kaya.

Na ɗora maka abin da hannuna ya yi. Ban san da wane baki zan ce ka yafe ni ba.

'Yarka

*

'Yata,

Ki yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan, da hannuna na rubuta. Takardarki ma ni na karanta a rana da gilashin mai gyaran agogo, ta ɗauke ni yini guda. Ban ba Malama ba. Babu wanda ya san abin da ke ciki sai ni.

Muna lafiya. Inna ta tashi, tana fitowa tabarma.

Na yafe. Nima na zarge ki, har na bar mutane suna faɗin abin da ban da tabbas a kai. Kuma ina da nawa kason. Da na sa takardar a leda na cusa cikin ƙullin, da danshin bai kai ko'ina ba. Na tsare ganye, na bar mutum.

Ga roƙona. Kada ki gaya wa Inna. In kika ce ke ce, za ta tambaye ki yadda kika auna, ke kuma ba ki iya ƙarya ba. Daga ranar nan duk sanda ta buɗe tafinta za ta gani. Yanzu tana da wanda take fushi da shi, fushin yana tashinta da safe, yana sa ta cin abinci don ta samu ƙarfin hararata. Ki bar mata ni. Na tsufa, sunana ya kusa gama aikinsa. Ke kina da yarinya da za ta girma cikin dangin nan.

Ki zubar da garin. Ki ƙona wannan.

Kawunku

*

Kawu,

Ina gaishe ka. Yarinya ta fara cin abinci, ta ce in gaida kakanta mai ganye. An zo an kwashe ƙofofin, har biyun da ba fenti.

Zan faɗa maka gaskiya. Da na fara karanta takardarka, cewa na yi me tsohon nan yake nema? Ko so yake in yi shiru ya riƙe ni a hannu, gobe ya ce in sa hannu a kan fili? Kwana biyu ina wannan tunani. Ka ga yadda zuciyata ta lalace. A rana ta uku na sake dubawa, na ga inda alƙalaminka ya huda takarda, na ji kunya.

Na zubar da garin. Takardar ban ƙona ba.

Ba zan karɓi kyautar nan ba. Ba kai kaɗai kake ɗauke da zargin ba, Malama ma a cikin mutanen nan take koyarwa, ita ce 'yar wanda ake janye yara daga gabansa. Kuma wata rana yarinya za ta je gida, a nuna mata kai a ce ga wanda ya kashe ubanki, ina tsaye ina ji. Ba zan iya ba.

Abin da ka faɗa game da Inna shi ne yake hana ni motsi. Sau uku na fara rubuta mata na yaga. In na ce ni na yi kuskuren awo na tsaya nan, za ta tambaya. In na ce ita ta koya mini, kamar na raba mata laifin ne, alhali ita daidai ta koyar, ganyenta ɗanye ne. Ban sami kalmomin ba tukuna. Abin da na sani kawai, ba maganar takarda ba ce, kuma ba za a sake karanta mata labarin ɗanta da ƙarfi a ƙofar gida ba. Zan zauna a bakin tabarmarta in faɗa da bakina, in ta ga dama ta kore ni.

Direba ya ce zai ɗauke mu ranar da makaranta ta yi hutu, saura mako uku. Kada ka riga ni, kuma kada ka hana ni.

Har yanzu Inna ba ta sani ba, kuma ni ce ban gaya mata ba.

'Yarka,
matar kafinta